Zauren Iyali: Fim Ɗin Agwagi 'Yan Cin Rani, Ya Dace Da Ƙananan Yaranmu?



Tambayar wannan makon ta zo mini ta hannu uku. Wata baiwar Allah da ke nan Samnu, da wani ɗan'uwa mai shagon kayan masarufi a unguwar Gurda cikin Sabha, da wata uwa da ta rubuto daga Maraɗi, mijinta yana nan Libiya wajen nema. Duk abu ɗaya suke son sani: fim ɗin nan na katun mai suna Migration, wanda yara ke ce wa fim ɗin agwagi, da ya cika wayoyi da memori, ana iya kunna wa ƙaramin yaro shi? Ta Samnu ta ce 'yarta shekararta huɗu, yayyenta kuma sun matsa sai an kunna. Na Gurda ya ce ya ga an rubuta fim ɗin iyali ne na ban dariya, amma ya fi son ya ji daga bakin wanda ya gani.

Na kalle shi sau biyu. Na farko ni kaɗai bayan na rufe shago, na biyu tare da yarana da na maƙwabta. Ga mai sauri, ga amsa: babu batsa a cikinsa, babu ashar, babu jini. Ɗan shekara bakwai zuwa sama zai iya kallo. Ɗan biyar ko shida, sai da babba a gefensa. Ƙasa da haka a dakata tukuna. Sai dai akwai yaro ɗaya da wannan lissafin shekaru bai isa a yanke masa hukunci da shi ba, shi ne wanda ya keto sahara da wayonsa, ko ya taɓa ganin an tafi da mahaifinsa. A kansa zan fi daɗewa.

Labarin fim ɗin

Kamfanin Illumination ne ya yi shi, wato masu Minions, waɗancan 'yan rawayan da babu yaron da bai san su ba. Wani Bafaranshe mai suna Benjamin Renner ya ba da umarni, aka zana shi a Paris, ya fito a watan Disamba na 2023. Tsawonsa minti 83.

Iyalin agwagin daji ne su biyar a wani tafki a arewa maso gabashin Amurka: uba Mack, uwa Pam, ɗansu matashi Dax, ƙaramarsu Gwen, da wani tsohon kawu mai suna Dan. Uban ya hana kowa nisa da tafki saboda tsoro. Rannan wasu agwagi matafiya suka sauka hutawa a kan hanyarsu ta zuwa tsibirin Jamaika, sai uwa da yara suka ce su ma suna son ganin duniya. Da ƙyar uban ya yarda. A hanya hadari ya kama su, suka kwana a gidan wasu tsofaffin zalɓe, suka faɗa birnin New York, suka yi rigima da tattabarun birni a kan ɗan guntun burodi, suka kuɓutar da wani aku ɗan Jamaika da wani kuku ya kulle a keji a gidan cin abincinsa. Daga nan kukun ya ɗaura aniyar sai ya dafa su. A ƙarshe dai kowa ya isa Jamaika lafiya, aka yi rawa aka watse.

Gaskiya akwai dariya. Ni da furfurata sai da na dara a wurin da ƙaramar agwagwa ta ce ita ba za ta iya yin kashi a sama tana tashi ba, dole ayari ya sauka a nemo mata maɓoya. Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya da yaro a mota ya san wannan rigimar. Akwai kuma abin yabo: miji da mata suna saɓani amma ba sa cin mutuncin juna, wa da ƙanwa suna faɗa amma ba sa yar da juna, kuma ba a bar tsohon kawu a baya ba. Abin da mai tsantseni zai ɗaga gira a kai kaɗan ne: rawa da kiɗa a wurare biyu ko uku, da ɗan saurayin da ya ga wata budurwar agwagwa ya ruɗe, ƙanwarsa na tsokanarsa. Iyakarta ke nan.

Harafin PG da abin da yake nufi

Ɗan'uwa na Gurda ya ce an rubuta fim ɗin iyali ne. Haka ne, amma a duba harafin da ke jikinsa. A Amurka tun 1968 ake sa wa fina-finai alama. G na nufin kowa ya kalla. PG na nufin iyaye su duba tukuna, don akwai abin da ƙila bai dace da ƙananan yara ba. PG-13, wanda aka ƙara a 1984, gargaɗi ne mai ƙarfi ga 'yan ƙasa da shekara 13. R kuwa na manya ne. Fim ɗin agwagi PG aka ba shi, saboda faɗa da shiga haɗari da ɗan barkwanci na rashin kunya kaɗan. Wato su kansu masu tacewar ba su ce na kowa da kowa ba ne.

Su wa ke sa wannan alamar? Wasu iyaye ne mazauna yankin Los Angeles, suna auna abin da galibin iyayen Amurka za su ce. Ba su san Samnu ba, ba su san Tamanhint ba, kuma ba laifinsu ba ne. A Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, amma hannunta bai kai kan fim ɗin da aka turo ta waya daga wata ƙasa ba. Mu nan kuwa ba mu da gidan silima balle mai tsaron ƙofa ya tambayi shekarun yaro. Hukumar tacewa a gidajenmu ni ne, ke ce, kai ne.

Mu kuma cire wa ranmu cewa duk abin da aka zana na yara ne. A Disamba 2014 mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta buga wani bincike da ya duba manyan fina-finan katun na yara guda 45, daga 1937 zuwa 2013. Aka tarar manyan taurarin labari sun fi yawan mutuwa a katun ɗin yara, ninki biyu da rabi a kan fina-finan manya da aka gwada su da su, kuma sau da yawa iyaye ne ke mutuwa. Wanda ya kalli The Lion King na 1994 bai manta yadda zaki ya mutu a gaban ɗansa ba. A fim ɗin agwagi babu wanda ya mutu a cikin iyalin, wannan na yaba. Amma an kai bakin mutuwa ba sau ɗaya ba.

Wurare huɗu da za a sa ido

Na farko, buɗewar fim ɗin. Uba ne ke ba yara tatsuniyar dare a kan ɗan agwagwan da ya bar gida namun daji suka halaka shi, uwa tana ta katse shi tana gyara ƙarshen labarin. Babba zai gane raha ce. Ɗan shekara huɗu labarin kawai zai ji.

Na biyu, gidan zalɓe. Dare ne, ana ruwa da tsawa, ga tsohuwar zalɓe mai dogon baki da zazzare ido, kowa na zaton cinye su za ta yi. Sai wata ƙatuwar tarwaɗa ta kai wa yaran cafka, ashe zalɓen ce za ta cece su. Darasin shi ne kada a yi wa mutum hukunci da kamanninsa. To amma ba nan gizo ke saƙa ba. Wata farfesa a Jami'ar Wisconsin, Joanne Cantor, ta shafe shekaru tana nazarin abin da ke tsorata yara a talabijin, har ta fitar da littafi a kai a 1998. Abin da ta gano shi ne ƙananan yara, waɗanda ba su kai shiga firamare ba, kamannin abu ke razana su. Mummunan abu mai kirki ya fi ba su tsoro a kan kyakkyawan abu mai mugunta. Kuma ce musu "ai ƙarya ne, zane ne" ba ya cika yi musu amfani. Runguma da ɗauke hankali sun fi. Sai yaro ya ƙara girma yake fara tsoron abin da zai iya faruwa da gaske. Saboda haka 'yar shekara huɗun nan ta Samnu, darasin zalɓe zai wuce ta, fuskar zalɓe ce za ta bi ta har shimfiɗa.

Na uku, ɗakin girki. Kukun nan ba ya magana ko sau ɗaya a fim ɗin, sai gurnani da wasa da wuƙaƙe. A nan ne ake yi wa ƙaramar agwagwa bayanin wani girki na agwagwa da lemo, ta gane irinta ake dafawa. Yaranmu sun saba ganin an yanka kaza da ragon layya, wannan ba zai girgiza yawancinsu ba. Amma kada ki yi mamaki in wata ta ƙi cin naman tsuntsu kwana biyu.

Na huɗu, gonar agwagi da abin da ya biyo bayanta. Iyalin sun sauka wani wuri kamar aljanna, ga ruwan wanka, ga abinci, ga agwagi farare ƙosassu suna motsa jiki cikin nishaɗi. Matashin ne ya gano ashe kiwata su ake yi, kuma kukun nan yana cikin masu saye. Suka gudu, ya bi su da jirgi mai saukar ungulu, ya watsa musu raga, ya zuba su a keji ya tashi da su. Yara biyun kaɗai suka tsira don sun ɓuya, suka fito suka tarar babu uwa babu uba.

Yaron da ya san hanya

Wannan wuri na huɗu shi ne dalilin da ya sa na ware wa fim ɗin filin mako guda.

Ga yaron da aka haifa a inda aka yi fim ɗin, keji da raga abin tsuntsu ne. Ga wasu yaranmu kuwa labarin gida ne. Da yawa cikinsu sun zo nan a bayan Hilux daga Agadas, ta Dirku, ta Gatrun, kwana da kwanaki a ɗaure da sanda tsakanin ƙafafu don kada a faɗo. Sun ga shingen masu bindiga. Sun ji manya na hirar gidan bashi, inda ake tsare mutum har sai danginsa sun turo kuɗi. Ba ƙirƙira muke yi ba: a Afrilu 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta fitar da shaidun mutanen da suka ce an yi cinikinsu a nan Sabha. Muna zaton yara ba sa ji in muna irin wannan hira a gindin dabino. Suna ji sarai.

Daren da muka kalla tare, akwai yaron maƙwabcina ɗan wajen shekara bakwai, wanda suka zo daga ƙasar Damagaram shekara biyu da suka wuce. Ya yi dariyar tattabaru, ya yi dariyar kashi, zalɓe ma ko a jikinsa. Da jirgi ya tashi da iyayen a keji, sai ya miƙe ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Bai yi kuka ba. Bayan an gama, sauran na ta kwaikwayon rawa, ya matso kusa da ni ya ce, "Kawu, da ba su gudu ba, sai an turo kuɗi daga gida za a sake su?"

Na ce masa, "Su tsuntsaye ne, yarona, ba a neman kuɗi a wajensu. Ka ga kuma 'ya'yansu sun je sun ɗauko su." Ya yi shiru, can ya ce, "Ni ma zan iya ɗauko Baba?" Na ce, "Babanka yana gida yana jiranka, kuma tsaron Baba aikin manya ne, ba naka ba." Washegari na samu mahaifinsa na gaya masa abin da ya faru, don ya san abin da ke cikin ran ɗansa.

Wannan yaro ya cika shekarun da na ce ana iya kallo. Bisa binciken farfesar nan ma daidai ne: ya wuce tsoron fuska, ya shiga tsoron abin da ya san yana faruwa. Da a waya aka ba shi shi kaɗai a ƙuryar ɗaki, tambayar nan da ita zai kwana, babu mai amsa masa. Shi ya sa nake cewa kafin a tambayi shekarun yaro, a tambayi abin da idonsa ya gani. Ban ce a hana irin wannan yaro kallo har abada ba. Wataƙila ma fim ɗin ya zama ƙofar da zai fitar da abin da ya daɗe yana ci masa rai. Amma dole uba ko uwa su kasance a wurin, da rana, ba dab da barci ba, kuma da niyyar saurare.

Uba matsoraci

Abu na gaba ya shafe mu mu maza. Rabin farko na fim ɗin dariyar uba ake yi. Shi ne mai tsoro, shi ne mai hana ruwa gudu, uwa da yara ne masu hangen nesa. Amma ku lura, kusan duk abin da ya ji tsoro sai da ya faru: hadari ya kama su, kifi ya kusa haɗiye yaransa, mutum ya kama su zai dafa. Ƙarshen fim ɗin ya daidaita abin, uba ya koyi sakar wa ɗansa mara, ɗan kuma ya gane dalilin tsoron uban bayan ya rasa gashin fiffikensa garin ganganci. Babban yaro zai haɗa farko da ƙarshe. Ƙarami kuwa abin da zai riƙe shi ne Baba ya ce kada a fita, aka fita, aka sha daɗi.

A garin da muke baƙi, "kada ka fita bayan magariba" da "kada ka shiga motar da ba ka sani ba" ba raha ba ce. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Don haka in an gama kallo, tambaya ɗaya ta isa: "Abubuwan da baban agwagi ya ji tsoro, sun faru ko ba su faru ba?" Bar su su ƙirga da kansu. Ni ma kuma na ɗauki nawa rabon: tsoratar da yaro da labarin dodo kullum ba tarbiyya ba ce. Gaya masa dalili ya fi zama a zuciya.

Yaran da ke gida

Yanzu ga uwar da ta rubuto daga Maraɗi. Hajiya, naki yaran wata fuskar fim ɗin za su gani. A nan iyali gaba ɗaya suka tashi, har da kawu. Naki kuwa babansu ya tafi shi kaɗai, sai murya a WhatsApp. Ki shirya wa tambayar "me ya sa Baba bai tafi da mu ba?" Kada ki kore ta da tsawa. Ki gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: hanya tana da wuya, Baba ya tafi ne don ya nemo, kuma barin su gida ƙauna ce.

Akwai kuma matasa 'yan sha biyu zuwa sha biyar, waɗanda fim ɗin ba zai tsorata su ba, amma zai iya ƙara musu zumuɗi. Tafiya a cikinsa yawon shaƙatawa ce, minti 83 an isa, babu wanda ƙishirwa ta kashe. Tamu hanyar ba haka take ba. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a saharar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, 52 daga cikinsu yara ne, yawanci daga yankin Kance. Tun da gwamnatin Nijar ta soke dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure a Nuwamba 2023, motoci sun koma fitowa fili daga Agadas, amma sahara ba ta rage faɗi ba.

Hanyar da na bi da nawa yaran ita ce na kawo musu labarin tsuntsaye na gaskiya. Duk shekara in sanyi ya kama a Turai, agwagin daji na tsallake teku da wannan sahara da muke ciki, su sauka a fadamar Haɗeja da Nguru da Tafkin Cadi, in lokaci ya yi su koma. Shamuwa kuma mun san ta, zuwanta ke gaya wa manomi damina ta kusa. Babu ɗaya cikinsu da ke tafiya don ganin gari. Abinci suke bi, kuma suna komawa gida. Na ce musu wannan shi ne cin rani, irin wanda kakanninmu suka yi zuwa Gwanja da kurmi, irin wanda muke yi yau. Hirar ta fi fim ɗin tsawo, har ƙaramar ta ce gobe za ta riƙa duba sama.

Tsawon lokaci da inda aka samo fim

Ko da babu abin tsoro ko ɗaya, tsawon fim ɗin kansa abin dubawa ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, ɗan biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Minti 83 ya zarce. Na san halin da ake ciki. Zafin Fezzan ba ya barin yaro wasa a waje da rana, wuta na ɗaukewa awa da awanni, uwa na fama da girki ko sana'a, uba yana shago ko gona, babu kaka babu gwaggo a kusa. Waya ce ta zama mai reno. Ban zo in ɗora wa kowa laifi ba. Amma ga ɗan biyar ko shida ana iya raba fim ɗin gida biyu. Wurin tsayawa mai kyau shi ne bayan an kuɓutar da aku daga keji, lokacin kowa na murna. Kada a tsaya a tsakiyar tashin hankali, yaro ya kwana bai san ƙarshe ba.

Sai maganar memori. Masu tura fina-finai a waya jibga su suke yi, duk abin da aka zana sai a sa shi a jakar yara. Akwai katun na manya zalla, irin su Sausage Party na 2016 mai alamar R, da Family Guy, da South Park, waɗanda hoton bangonsu zai ruɗe ka, cikinsu kuwa batsa ce da ashar. Tashoshin yara na tauraron ɗan'adam irin su Spacetoon da MBC3 aƙalla akwai masu zaɓen abin da ake sawa. Memori babu. YouTube kuma in wannan ya ƙare wani ne zai shigo da kansa, ba ka san mene ne ba. Abin da ya fi shi ne a sauke fim ɗin, a kashe data, sannan a miƙa waya. In kuma fassarar Hausa aka samu, a saurara tukuna, don wasu masu ɗora murya kan ƙara nasu gishirin don manya su yi dariya, kalmar da babu ita a asali ta shigo.

Mu tuna yadda aka rene mu. Tatsuniyoyinmu ma akwai Dodo, akwai kura, akwai mai cin mutane. Amma kaka ce ke bayarwa, tana kallon fuskokinmu a hasken fitila. In ta ga ƙarami ya maƙale a jikin yayarsa, sai ta sassauta murya, ta gajarta Dodo, ta kawo Gizo a yi dariya. Waya ba ta kallon fuskar kowa. Wannan aikin na kaka shi ne ya dawo kanmu.

Hukunci

Ɗan ƙasa da shekara biyar: a dakata. Ba zai gane labarin ba, fuskoki da ƙara kawai zai kwasa, tsawon kuma ya yi masa yawa. 'Yar'uwa ta Samnu, ki bar yayyen su kalla lokacin da ƙaramar take barcin rana, ita kuma a nemo mata gajeren abu na minti goma ko sha biyar.

Ɗan biyar zuwa shida: da babba a gefe, da rana, a raba shi biyu. In an zo gidan zalɓe a gaya masa tun da wuri cewa tsohuwar nan mai kirki ce. Ɓata masa daɗin labari ya fi ɓata masa barci.

Ɗan bakwai zuwa sama: ya kalla, a yi hira bayan an gama, musamman a kan uban.

Yaron da ya yi tafiyar sahara da wayonsa, ko aka taɓa kama wani nasa, ko yake firgita cikin barci, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina: ko shekararsa goma, kada ya kalla shi kaɗai. In ya miƙe ya bar wurin, kada a tilasta masa, kada kuma a bari sauran su yi masa dariya. In firgitar ta daɗe, a nemi likita ko ma'aikacin lafiya, ba abin kunya ba ne.

Ga kowane fim kuma, ba wannan kaɗai ba, doka ɗaya ce: babba ya fara gani. In babu lokacin kallon duka, a duba minti goma na farko, a tsallaka tsakiya, a duba minti ashirin na ƙarshe, nan ne ake tara tashin hankali. Ba ma karɓar buhun shinkafa daga dillali sai mun soka mun gani. Abin da za mu zuba a kan 'ya'yanmu ya fi shinkafa tsada.

Wanda ya kalla da yaransa ya ga wani abin da ban ambata ba, ya rubuto, za mu sa a fili. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba maganar yaran da Larabci ya fara danne musu Hausa, da abin da iyaye za su iya yi a gida. Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare matafiya, ya mai da kowa gida lafiya.